Zakara na Goma

Shekara arba'in da ɗoriya matata tana kiwon kaji, tun muna haya a ɗaki biyu a Sabon Gari har Allah ya ba mu ikon gina namu a Samaru. A tsawon wannan zamani ban taɓa sa mata baki a sha'anin akurkinta ba sai sau ɗaya tak, kuma har yau da nake wannan rubutu ban gama shan wahalar wannan sau ɗayan ba.

Al'adarta ita ce, duk shekara idan bikin godiyar kaka ya matso, lokacin da kowane gida a ikilisiyarmu yake kawo wa Allah wani abu daga gonarsa ko kiwonsa, sai ta shiga cikin kajinta ta zaɓi wanda ya fi ƙiba da kyan gani, ta ɗaure masa ƙafafu, mu tafi da shi majami'a. Ba ta taɓa fasawa ba, ba ta kuma taɓa neman shawarata ba. Ni a wancan lokaci ina koyar da ilimin addini a makaranta, ina fita da sassafe in dawo da yamma, ba ni da sukunin lura da abin da ke gudana a bayan gida. Sai da na yi ritaya, na zauna da littattafaina na Ibrananci da Helenanci da na sharhi, sannan idona ya fara hango kurakurai a wuraren da babu wanda ya kira ni in duba.

Wata safiya bayan addu'ar iyali, wadda mu biyu kaɗai muke yi tun da 'ya'ya suka kama gidajensu, na shaida mata cewa zaɓen da take yi ba shi ne tsarin da aka ba mutanen dā ba. Na bayyana mata yadda makiyayi yakan tsaya a bakin garke da sandarsa, dabbobi suna fita ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa, wadda ta zo ta goma ta zama ta Allah, ko ƙosasshiya ce ko ramammiya. Ba a zaɓe, ba a fansa, ba a musanya. Wanda kuwa ya kuskura ya musanya, to, da wadda ya janye da wadda ya sa a madadinta duk sun fita daga hannunsa.

Ta ce, "Malam, ai wannan zancen shanu ne da tumaki. Ni kaji nake kiwo."

Na ce mata akwai abin da malamai ke kira ƙiyasi, wato a auna abin da ba a ambata ba da abin da aka ambata.

"Kuma ba kai kake ce mana muna ƙarƙashin alheri ba?"

Na ce alheri bai zo don ya rushe hikima ba. Mai zaɓen mafi kyau yana iya faɗawa cikin fahariya, mai zaɓen mafi muni ya riga ya faɗa cikin rowa, amma sanda ba ta san kowa ba. Na ji daɗin wannan jimla ƙwarai, har na rubuta ta a gefen takarda don kada ta ɓace mini.

Ta dube ni ta ce, "To, Dattijo. Sai ka kawo sandar."

Ba ta kirana Dattijo sai idan ta bar ni da halina. Na san haka sarai, amma a ranar ban kula ba.

Ba da jimawa ba dakwalwarta baƙa ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma sha ɗaya. Da suka ɗan yi ƙwari na je na tsaya a bakin akurki da sandar da nake dogarawa, na gicciya ta a saman ƙofa, ita kuma ta buɗe. Tara suka fito lafiya. Na goma wani siriri ne mai dogon wuya, wanda ya taka bayan ɗan'uwansa ya tsallake shi don ya riga shi fita. Da ya yi haƙuri ya bi layi, da shi ne na goma sha ɗaya, da kuma ban san shi ba. Matata ta yanko jan zare daga abin saƙarta ta miƙo mini, ta ce tunda ni ne mai hukuncin, ni zan ɗaura, kuma ni zan riƙa kwancewa ina sake ɗaurawa duk lokacin da ƙafar ta yi kauri, don kada zaren ya nutse cikin nama. Na karɓi wannan aiki da murna.

Ban tsaya nan ba. A nazarin Laraba na majami'armu ta Sabon Gari, wadda ba mu bari ba ko da muka koma Samaru, na yi darasi guda cikakke a kan wannan al'amari, na kuma ba da misali da gidana. Na faɗa musu da bakina cewa akwai ɗan tsako mai jan zare a bayan ɗakina wanda ko sarki ya zo baƙunci ba zan yanka masa shi ba. Daga ranar kowa ya san shi. Ana tashi daga sujada sai mata su gaishe ni, su gai da gida, sannan su ce, "Baba, yaya na goma?"

Na goma ya girma ya zama jan zakara mai dogayen ƙafafu, ba nama sai jijiya da murya. Zakarun duniya suna cara da asuba su huta. Shi yana yi da asuba, yana yi da hantsi, yana yi da tsakar rana lokacin da nake ɗan kishingiɗa, kuma bai yarda ya yi daga nesa ba, sai ya hau kan tankin ruwa da ke daidai tagar ɗakin karatuna. Na lura, kuma matata shaida ce ko da yake ba za ta amsa ba, cewa da zarar na rufe ido na ce, "Ya Ubanmu," sai ya ɗauka. Nakan ɗaga murya, shi ma ya ɗaga. Sau da yawa na kai ƙarshen addu'a ban san abin da na roƙa ba.

Ya tone zogalen da na dasa har saiwa. Ya kori kyanwar gidan, ta koma maƙwabta da zama. Matata tana shiga cikinsu da ƙwaryar dusa ya bi ta a ladabce kamar ɗan makaranta, amma ni ina leƙowa sai ya sauke fiffike ɗaya ƙasa, ya zagayo ta bayana, ya kafa mini ƙayar ƙafarsa a ƙwauri. Ranar sake zare kuwa takan zama ranar yaƙi. Nakan naɗe hannuna da tsohon tawul, duk da haka ba na fita ba tare da jini ba, ita kuma tana zaune a kan kujerar tsugunno tana tsince shinkafa, ba ta ce mini ko sannu sai na gama.

A cikin 'yan'uwansa akwai wani jan zakara kuma, mai ƙiba, mai sanyin hali, wanda idan ya sami tsaba yakan kira kaji su ci kafin ya ci. Shi matata ta keɓe don iri. Nakan dube shi in dubi nawa, in tuna cewa da ta yi zaɓenta irin na dā, da babu abin da ya haɗa ni da wannan masifa.

Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, 'yar kudu da aka haifa a Sabon Gari, tana aikin dare ta dawo ta kwanta da safe. Wata rana ta leƙo ta kan katanga, idanunta jawur, ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, "Baba, don Allah zakaran nan naku ba ya zuwa hutu ne? Ko na Lahadi?"

Na ba ta haƙuri, na fara yi mata bayanin sanda da garke.

Ta ce, "Na ji, Baba. To tunda na Allah ne, a kai masa abinsa mana. Mu me muka yi?"

Na ga maganarta da ma'ana. Ran Lahadi na sami fastonmu, wanda yaro ne a kaina ƙwarai, har na taɓa koyar da shi, na tambaye shi ko ikilisiya za ta karɓi baikon kaka tun kafin kaka. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce, "Baba, a ina zan ajiye shi? A ofis? Ku riƙe mana amana dai zuwa ranar, ai kun fi kowa sanin darajarsa." A lokacin damina ba ta ko yi tsakiya ba.

Abin da ya ƙure haƙurina ya faru ne a watan Agusta. Na bar tagar ɗakin karatu a buɗe na shiga wanka. Da na fito na tarar da shi tsaye a kan teburina, a kan littafin nahawun Ibrananci da na riƙe tun ina ɗalibi, wanda gefen kowane shafinsa yake cike da rubutun hannuna na shekara hamsin. Ya yage shafi uku da ƙafa, ya kuma bar abin da kaji ke bari a tsakiyar na huɗu. Ya dube ni da ido ɗaya, ya yi cara a cikin ɗakin, sannan ya fita ta inda ya shigo. Na faɗi wata kalma a ranar wadda ban faɗa ba tun ina saurayi.

A makon nan ne aka aiko cewa yayana zai zo daga ƙauye ganin likitan ido, zai kwana biyu a wurinmu. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, kuma a wurinmu ba a saukar da irinsa ba tare da an yanka kaza ba. Ranar da zai iso matata ta hau mota zuwa kasuwar Sabon Gari sayen dusa da kayan miya, ta bar ni ni kaɗai da kaji da tunanina.

Ba zan ce Shaiɗan ya rinjaye ni ba, domin hujjojin da na kawo wa kaina duk nawa ne, kuma na jera su da kyau. Na ce kaji ba sa cikin ainihin hukuncin, ƙiyasi ne kawai. Na ce muna ƙarƙashin alheri. Na ce ɗayan zakaran ya fi ƙiba nesa ba kusa ba, saboda haka ikilisiya riba za ta ci. Na san cewa hujja biyu na farko matata ce ta kawo su ni kuma na rushe, na kuma san cewa ta ukun ita ce ainihin ƙofar da hukuncin ya toshe, domin ya hana musanya ko da na biyun ya fi kyau. Duk da haka na ɗebo tsaba, na kafa kwando da ɗan itace, na kama na goma bayan ya tsaga mini babban yatsa, na kwance jan zaren. Mai sanyin halin bai ko motsa ba sa'ad da nake ɗaura masa. Shi kuwa ɗayan na kife shi da kwando a bayan kicin, na ɗora dutse. A ganina jan zakara jan zakara ne. Ban yi tunanin cewa macen da ta san kowace kaza tun tana cikin ƙwai za ta bambanta su ba.

Da ta dawo na ce mata na riga na kama wanda za a yanka wa Yaya da safe, don in rage mata aiki. Ta dubi kwandon daga nesa, ta dubi yatsana da na naɗe da tsumma, ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Yaya ya iso da yamma, muka ci tuwo, muka yi hirar gida.

Da asuba na goma ya yi cara daga ƙarƙashin kwando. Ko kurma ya san wannan murya. Ina kwance ina jin matata tana juyawa a kan gado.

Muka zauna addu'ar safe mu uku. Na buɗe littafin Allah inda muka tsaya jiya, sai ta ce, "Malam, tunda ga Yaya ya zo, da ka karanta mana wurin nan na sanda da garke. Bai taɓa jin bayaninka a kai ba, ga shi kuwa yana da awaki."

Yaya ya ce, "Ƙwarai kuwa, karanta mu ji. Ai don haka aka sayar da ɗan maraƙi aka kai ka makaranta."

Na buɗe wurin. Na karanta a hankali, ina fatan wani abu zai faru, ko baƙo ya yi sallama, ko wuta ta kama wani wuri. Babu abin da ya faru. Da na kai ƙarshe ta ce, "To idan mutum ya musanya fa, Malam? Na manta yadda ka ce."

Na yi shekaru ina tsayawa gaban ɗalibai da gaban ikilisiya, ban taɓa jin harshena ya yi nauyi irin na wannan safiya ba. Ina iya cewa kaji dabam ne, ba kuwa za ta musa mini a gaban Yaya ba, domin ba halinta ba ne. Za a yanka zakaran, a ci, a wanke hannu, amma daga ranar duk abin da na buɗe baki na koyar a gidan nan za ta saurare shi ne kamar yadda take sauraron ruwan sama a kan kwano. A daidai lokacin sai ya sake cara daga bayan kicin, na tuna da manzon nan da ya yi musun Ubangijinsa, carar zakara ta sa shi kuka. Ni ban yi kuka ba, haushi ne ya cika ni, amma na rufe littafin na ce, "Duka biyun sun zama na Allah. Ni na kwance zaren jiya da kina kasuwa."

Yaya ya dube ni, ya dube ta, sai da ta ba shi labarin daga farko. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Kai dai tun kana yaro haka kake. Kai za ka kafa doka a wasa, kai za a fara kamawa. To ni yanzu me zan ci?"

Busasshen kifi ya ci, kwana biyu, yana tuna mini a kowace loma.

Matata ba ta yi mini gori ba, abin da ya fi gori ciwo. Ta dai yanko wani jan zaren ta ajiye mini a kan tebur. Sai da yamma, tana watsa wa kaji tsaba, na ji ta ce wa mai sanyin halin a hankali, "Kai kuma ba ka yi laifin kome ba." A nan ne na gane cewa ba littafina kaɗai aka yi wa ɓarna a gidan ba. Zakaran irinta ne na ba da, ba tare da na tambaye ta ba.

Wata uku na ƙara ina sake zare a ƙafa biyu maimakon ɗaya. Ranar godiyar kaka na sa farar babbar rigata, muka shiga bas daga Samaru, ita da mai sanyin halin a cinyarta yana gyangyaɗi, ni da na goma a hammata. Kafin mu kai unguwar Hanwa ya kwance fiffike ɗaya ya mari wani ɗalibi, kafin mu sauka a tashar PZ ya ɓata mini gaban riga. Kwandasta ya ce, "Baba, wannan ai kujera guda ya kamata a ba shi." Zuciyata fari ƙal take, domin na san yau za mu rabu.

Bayan sujada, bisa al'ada, akan fito da kayan godiya harabar majami'a a yi gwanjonsu, abin da aka samu ya shiga aikin ikilisiya. Doya, masara, buhunan gyaɗa, awaki, kaji. Mai sanyin halin wata matar soja daga barikin Basawa ta saye shi nan da nan, na ga matata ta bi shi da kallo har aka fita da shi ƙofa. Da aka ɗaga na goma sai wuri ya ɗauki sowa, domin babu wanda bai san shi ba. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, suka haɗa kai suka kayar da kowa a ciniki. Na yi hamdala a zuciyata, na ce yau miyar wasu za ta sha jijiya.

Na manta da ɗaya al'adar. A wurinmu, idan ƙungiya ta sayi abu a gwanjon kaka, takan miƙa shi kyauta ga wani da take so ta girmama. Ina cikin gyara hulata sai na ji an buga tulun kiɗa, mata sun taso da waƙa suna rangaji, shugabarsu a gaba da zakara a hannu biyu, sun nufo inda dattawa suke zaune. Na duba dama, na duba hagu, ina addu'a fasto suke nema. Ta durƙusa a gabana ta ce, "Baba, mun ga yadda kuka riƙe amanar nan shekara guda, ba ku yanka ba, ba ku sayar ba. Mun ce ba wanda ya cancanci zakaran nan sai ku."

Na nemi matata a cikinsu. Tana can baya tana tafi, idonta a sama. Har yau ta ce ba ta da hannu a ciki, ni kuma ban taɓa kama ta da ƙarya ba, saboda haka na bar zancen a nan.

Na miƙe na ce musu yabon ya fi ƙarfina, domin na taɓa kwance zaren sau ɗaya, mai ɗakina ce ta mai da ni hanya. Na faɗa ne da gaske, amma suka ɗauka tawali'u ne, suka ƙara guɗa. Na karɓe shi. Ya sare ni a wuyan hannu a gaban ikilisiya duka.

A bas ɗin komawa na ce mata yanzu dai nawa ne halak malak, gobe zan wasa wuƙa. Ta ce, "Naka ne, Dattijo, ba mai hana ka. Sai dai shi kaɗai ne zakaran da ya rage a gidan. Ɗayan ka ba da shi."

Ban wasa wuƙar ba. Na ce a bari kaji su yi kwanci tukuna, daga nan aka ce a bari 'yan tsaki su tasa, kuma yau shekara uku ke nan. Duk kajin da ke bayan gidana yanzu zuriyarsa ce, masu dogon wuya da dogayen ƙafafu, kuma zakarun cikinsu sun gaji muryarsa da ra'ayinsa game da ni. Maƙwabciyarmu ta mai da gadonta ɗakin da ke fuskantar titi. Na roƙi matata ta koma zaɓenta irin na dā, ta ce a'a, ta gamsu da bayanina, sanda ba ta san kowa ba. Jibi za a buɗe wa sababbin 'yan tsaki akurki, ta riga ta ajiye mini jan zare a kan tebur, kusa da littafin nahawun da shafinsa uku suke manne da gam.